Rantsuwar Da Umma Ta Dangwala Wa Yatsa

Katin asibitin yana hannuna.

Ba bincike na je yi ba, Allah ne shaidata. Umma ce da bakinta ta ce in jawo durowar gefen gadonta in duba mata sunan maganin hawan jini, wai nata ya ƙare kuma ta manta yadda ake kiransa. Ni kuma uwar rawar kai, saura kwana goma sha biyu a ɗaura min aure da ɗanta, na miƙe jiki na ɓari na jawo.

Sai ga kati. A samansa an rubuta ranar da aka kwantar da ita, ɓaro-ɓaro da jan biro: sha ɗaya ga wata.

"Umma, yaushe aka kwantar da ke a asibiti?"

"Oho. Ba ga shi nan a rubuce ba? Ke da kika yi karatu."

"Kafin a kama Auta ne, ko bayan an kama shi?"

"Bayan an kama shi mana! Ai kamun nasa ne ya kayar da ni. Kwana biyu ban runtsa ba, sai jiri ya ɗebe ni a bakin ƙofar nan, da ba don Dogo yana..."

Zanin da take ninkewa ya zame daga cinyarta ya faɗi ƙasa, ba ta ko kalle shi ba.

Dogo shi ne mutumin da na shekara biyu ina kai ruwa rana da mahaifina a kansa, don Baba ya rantse 'yarsa lauya ba za ta ƙare a gidan malamin makaranta ba. Auta ƙaninsa ne, direban motar kaya a wani kamfani. Wata takwas da suka wuce, ranar tara ga wata, motar ta take wani mai keke a gangaren kasuwa, mutumin ya rasu nan take. Direban ya tsere kafin jama'a su taru. Da la'asar 'yan sanda suka zo gidan nan suka tafi da Auta, tun ranar yake tsare.

Lauyan da suka fara ɗauka shi ne wanda ma'aikatan kotu suke kira Sai-Gobe, don ba a taɓa ganin ya miƙe gaban alƙali da wata magana ba sai roƙon a ɗage zama. Zama bakwai aka yi, uku ya halarta. Ko beli bai taɓa nema ba. Da tura ta kai bango, Dogo ya je ya ƙwato fayil ɗin ya dire min a tebur, ya ce, "Ke kaɗai kika rage mana."

A cikin fayil ɗin na tarar da takardar rantsuwa. Umma ta rantse cewa ranar tara ga wata, tun safe har la'asar, Auta yana zaune a gefen gadonta a asibiti. Ga dangwalen yatsanta. A ƙasa ga sa hannun Dogo a matsayin tafinta, wanda ya karanta mata, ya fassara mata, ta fahimta kafin ta dangwala. Sai-Gobe ya rubuta takardar amma bai taɓa shigar da ita kotu ba. Ranar na zage shi tas a raina, na ce wane irin sakarai ne zai kwanta a kan shaida irin wannan wata takwas.

Ni na ɗauke ta. Ni na liƙa ta a takardar neman beli, na kai aka buga mata hatimi. Ranar Litinin na tsaya gaban alƙali na yi minti ashirin ina kumfar baki a kanta. Gobe da safe zai yanke hukunci.

"Umma," na ce, muryata har ta canza, "ranar tara ba kya asibiti."

"To sai me?"

"Sai me? Rantsuwa fa kika yi!"

"Ke 'yar nan, sassauta min murya, ba a kotu kike ba." Ta gyara zama. "Lauya ne ya ce in dangwala, na dangwala. Ni na san me aka rubuta? Ɗana ne a ɗaure. Ko yatsan aka ce in yanke in ba su, wallahi zan yanke."

Ana cikin haka Dogo ya yi sallama. Daga makaranta yake, jakarsa a kafaɗa, hannun rigarsa duk farin alli. Ya shigo da murmushinsa, wannan murmushin da ya sa na ƙi jin maganar kowa. Idonsa ya sauka kan katin, murmushin ya tafi.

Ban tambaye shi ko ya sani ba. Shi ya ɗauke ta ya kai ta asibitin.

"Sau uku na tambaye ka," na ce. "A ofishina. A mota. A nan tsakar gidan. Sau uku na ce, Malam, ka tabbata ranar tara ce? Me ka ce min?"

"Zo mu fita waje mu yi magana."

"Me ka ce min?"

"Don Allah ki saurare ni..."

"Cewa ka yi, ‘Ni zan miki ƙarya?' Har da dafa ƙirji! Ka bar ni na sa baƙar riga na tsaya gaban alƙali ina zuba ƙarya kamar famfon da ya lalace, kana zaune a bayana kana gyaɗa kai!"

"Da na gaya miki, za ki shigar?"

"A'a!"

"To kin gani."

Wallahi da akwai abu mai nauyi a hannuna ba kati ba, da na jefe shi da shi. Wato ya san ba zan yarda ba, shi ya sa ya rufe min ido ya tura ni.

Na ce masa ya buɗe kunne ya ji, don ba zan maimaita ba. Lauya yana iya yin shiru a kan sirrin wanda yake karewa har ya shiga kabari. Amma ba ya miƙa wa kotu ƙarya. In kuma ya miƙa bai sani ba, daga baya ya gano, wajibi ne ya koma ya gyara kafin alƙali ya ɗora hukunci a kai. Ba son raina ba ne, a kan haka na yi rantsuwa ranar da aka ba ni rigar nan.

"Kwana ɗaya," ya ce. Ya ajiye jakar, ya durƙusa a gabana, dogon mutum irin wannan. "Kwana ɗaya kawai nake roƙo. Ba cewa na yi ki yi magana ba, cewa na yi ki yi shiru. Gobe ki zauna, alƙali ya karanta abinsa, a sake shi. Bayan nan ki yi min duk hukuncin da kika ga dama."

"Shirun nawa shi ne ƙaryar."

"Kin ga Auta kuwa? Kin ga yadda ya koma? Ƙafafunsa sun kumbura, tari yake har da jini. Ni na goya yaron nan. Ran da babanmu ya rasu yana aji biyu, ni na ce masa kada ya ji tsoro, ina nan." Hawaye suka zubo masa, bai share ba. "Wata takwas ina kallon wancan mutumin yana wasa da ransa. Yanzu ƙofa ta buɗe, ke ce za ki rufe?"

Ni ma kukan nake, kuma haushin kukan nake ji, don ina sonsa a lokacin kamar yadda nake sonsa jiya, ba abin da ya ragu.

"In kuma mai gabatar da ƙara ya aika asibiti aka buɗe rajista fa? Aikin rabin awa ne. Ranar ba beli kaɗai za a soke ba, duk abin da Auta ya faɗa nan gaba ba mai yarda da shi."

"Ba zai aika ba. Wata takwas bai aika ko'ina ba."

"Ni na sani ai. Ni na sani, Malam!"

"In kika janye takardar nan, ba Umma kaɗai za a tuhuma ba," ya ce a hankali. "Sa hannuna yana ƙasa. Aikina zai tafi. Wataƙila in bi Auta ciki. Kin yi wannan lissafin?"

Umma ta miƙe tana dafa bango. Ta nuna ni da yatsan nan dai da ta dangwala.

"Bari in taƙaita miki, 'yar nan. Na karɓe ki hannu bibbiyu duk da wulaƙancin da ubanki ya yi wa ɗana. Amma in kika buɗe baki gobe, ki sani ba ni ba ke. Ƙafarki ba za ta sake taka gidan nan ba, ko da sunan amarya ko da sunan baƙuwa. Kai kuma in ka bi ta, ban yafe ba."

Na kalli Dogo. Jira nake ya ce, "Haba Umma." Kalma biyu kawai.

Ya sunkuyar da kai yana kallon siminti.

Na ajiye katin a kan gado na ɗauki jakata.

*

Daga nan ofishin Sai-Gobe na nufa, ko gida ban biya ba.

Na san ofishin kamar tafin hannuna, a nan na yi koyon aiki shekara guda. Hawa na biyu, saman wani shagon taya. Fayiloli jibge a ƙasa har gwiwa, wasu an tokare ƙofa da su, wani an ɗora masa kofin shayi har ya yi zobe. Fanka tana juyawa tana ƙara kamar za ta faɗo. Shi kuwa yana kishingiɗe a kujera ya cire takalmi, yana sakace.

"A'a! Amarya da kanta? Yau wace rana!"

Na dire kwafin takardar a gabansa.

"Wa ya ce maka Auta yana asibiti ranar tara?"

Ya ɗaga takardar nesa da idonsa, ya karanta layi biyu, sai ya ƙyalƙyale da dariya har yana buga tebur.

"Kar dai ki ce min kin shigar da wannan? Innalillahi! Yarinya, wannan ai a kwamfuta take. Uwa ba lafiya, ɗa yana jinya. Suna da kwanan wata kawai ake canzawa. Na yi wa mutum ya fi goma."

"Ka san ƙarya ce ka sa tsohuwa ta rantse?"

"Kullum tana nan tana min kuka a kan bencin can, wai ba na komai. To na ba ta abin da za ta dangwala, ta ga ana aiki, hankalinta ya kwanta. Shigarwa kuwa, ni mahaukaci ne? Alƙalin nan sau biyu yana ganin irinta daga hannuna."

"Da ka miƙa fayil ɗin, me ya hana ka cire ta?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Ƙwata aka yi, ba miƙawa na yi ba. Malaminku ya shigo yana huci. Na ce to, ga shi nan, a je a ga yadda ake aikin."

Wannan mutumin, a wata takwas, ko gangaren kasuwar bai taka ba. Bai nemi shaida ko ɗaya ba. Ranar da ɗan sandan da ya yi bincike ya ba da shaida, shi yana wajen wani biki, aka rufe shaidar ba wanda ya yi wa ɗan sandan tambaya ko guda. Kuma yana nan da rigarsa da hularsa, ana gaishe shi da girma a farfajiyar kotu.

"Sau nawa ka je ka ga yaron a gidan yari?"

"Ke kin je?"

Ya same ni. Sau biyu na je, na farko aka ce ba ranar ganin mutane ba ce, na biyun aka ce an fita da su aiki. Na uku ban koma ba. Na ce ai ga takarda, ga Dogo ya tabbatar min, ga tela yana jirana da gwajin kaya. Wannan laifin ba na Sai-Gobe ba ne, nawa ne, kuma har yau in na tuna sai na ji kamar in mari kaina.

"Zauna in ba ki shawara irin ta manya," ya ce, yana lalubar takalminsa da ƙafa. "Gobe ki kwanta ciwon ciki. Ni zan je in tsaya a madadinki in nemi a ɗage. A ɗage, a sake ɗagewa, alƙali ya tafi hutu, a canza shi, takarda ta ɓace a ɗakin ajiya. Ba ki yi ƙarya ba, ba ki tona kowa ba."

"Auta kuma ya ruɓe a ciki."

"Dama ruɓewa yake." Ya tashi ya zagayo tebur, ya rage murya. "Ki duba fa. In kin yi magana, malamin ya tafi. In kin yi shiru, kin auri wanda ya yaudare ki tun kafin a shafa fatiha. Ta ko'ina babu shi. Ni kuwa maganar neman aurenki tana nan inda na ajiye ta wajen Baba shekara biyu. Ko ranar Juma'a mun gaisa, ya ce ƙofa a buɗe take. Ga ofis, sai mu haɗa suna a allo ɗaya."

"Allah ya kiyashe ni," na ce. "Da in haɗa suna da kai, gara in koma sayar da ruwan sanyi a bakin kotu. Kuma ka ji da kyau, sai na rubuta ƙararka gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi, da kwanan wata, da sunan duk wanda ka sa uwarsa ta yi ciwon ƙarya."

"Ki fara da kanki, Amarya," ya ɗaga murya ina sauka daga bene. "Hatimin da ke jikin takardar da sunanki aka buga shi!"

Ban kai ƙasa ba wayata ta yi ƙara. Baba ne. Ashe kafin in gama sauka har Sai-Gobe ya kira shi.

"Na gaya miki ko ban gaya miki ba?" Ko sallama babu. "Na ce mutanen nan ba sa'anninki ba ne, kika yi min yajin cin abinci. Yanzu ga shi sun jefa ki a rami. Ki bi shawarar babban lauya, ki zare hannunki, ki dawo gida a san abin yi."

"Baba, ka yi haƙuri, zan kira ka."

Ban taɓa katse wa mahaifina waya ba tun da aka haife ni, sai ranar.

*

Washegari ƙarfe takwas ina ɗakin tsare fursunoni da ke bayan kotu. Na yi wa gandiroba magiya ya ba ni minti goma kafin a fara zama.

Da ƙyar na gane Auta. Yaron da ke cika gida da dariya ya koma ƙashi da ido, ƙafafunsa sun kumbura har silifas ba ya shiga. Ya matso jikin ƙarfen yana murmushi.

"Anti, an ce yau zan koma gida."

Na ce masa ya zauna. Na gaya masa komai, ban rage ba, har da rashin zuwana. Na karanta masa takardar layi-layi. Tun ina tsakiya ya fara girgiza kai.

"Asibiti? Ni? Wa ya ce?"

"Ba kai ka gaya wa lauya ba?"

"Anti, ni ban taɓa magana da shi ba. Sau ɗaya ya leƙo nan, ya tambayi gandiroba wane ne direban, aka nuna ni, ya ce in aka tambaye ni in ce ban aikata ba. Shi ke nan. Yaya kuma in ya zo sai ya ce in yi shiru, ana aiki." Ya yi tari mai tsawo, ya goge baki da gefen riga. "Ni nake jan motar. Ban taɓa cewa ba ni ba ne. Ba wanda ya tambaye ni ne."

Na riƙe ƙarfen da hannu biyu.

"To ni na tambaye ka. Me ya faru?"

"Birki ne. Na taka ya tafi ƙasa kamar na taka soso. Sau uku ina kai ƙara a gareji a watan, bakanike ya rubuta a littafinsa, ya ce a ajiye motar. Manaja ya ce kaya ba za su jira ba, in ba zan ja ba akwai masu so. Na yi ta hon, na yi ta ihu. Mutumin yana da kwandon tumatir a bayan keken, bai iya kaucewa da sauri ba." Muryarsa ta karye. "Na sauko zan ɗaga shi, na ga an fara ɗibar duwatsu. Shi ne na gudu. Kullum sai na gan shi, Anti. Kullum."

Littafin gareji. Bakanike mai rai da lafiya. Kariya ta gaskiya tana zaune wata takwas a kan shiryayye tana shan ƙura, wani ƙato ya gwammace ya danna kwamfuta da ya hau mota ya je ya duba. Allah ya isa!

Na ce masa takardar dole in janye ta, ko ya yarda ko bai yarda ba, wannan ba a hannunsa yake ba. Amma abin da ya gaya min yanzu sirrinsa ne, ba zan furta ko kalma ba sai da izininsa. Na ce yau ba zai koma gida ba. Wataƙila wata mai zuwa ma haka.

"Umma fa? Da Yaya?"

"Zan roƙa musu sassauci iya ƙarfina. Alkawari ne ba zan maka ba."

Ya kalli ƙafafunsa.

"Yaya zai rabu da ke."

"Wannan ba matsalarka ba ce."

"Ki faɗa," ya ce. "Na gaji da yin shiru."

*

Kotun ta cika. Umma tana benci na biyu da sabon mayafi, ta zo da leda da kayan da Auta zai canza. Dogo yana gefenta. Da na wuce ya ɗago ya dube ni, idonsa jawur, yana roƙona ba tare da ya buɗe baki ba. Sai-Gobe yana can ƙarshen bencin lauyoyi yana danna waya, ya zo kallo.

Aka buga ƙofa sau uku, muka miƙe. Alƙalin dattijo ne mai rubuta komai da hannunsa, ba ya barin kalma ta wuce. Aka kira shari'armu. Ya buɗe fayil, ya gyara tabarau, ya jawo takardar hukuncinsa. Daga inda nake ina hango ta, shafi biyu kacal.

Da na zauna minti uku, da an gama.

Na miƙe.

"Ya mai shari'a, kafin a karanta hukunci, akwai abin da ya wajaba in sanar da kotu."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ina jin ki."

"Takardar rantsuwar da na shigar, wadda na kafa hujja da ita ranar Litinin, jiya na gano abin da ke cikinta ba gaskiya ba ne. Ina janye ta, ina janye duk abin da na faɗa a kanta. Ina neman afuwar kotu, don da na yi binciken da ya kamata da ba ta iso gabanka ba. Wanda nake karewa bai san da ita ba. Ya ba ni izini in ce shi ke jan motar, kuma yana da kariyar da ba a taɓa tambayarsa ba."

Wani ihu ya tashi a bayana. "Ta kashe ni! Muguwa, ta kashe min ɗa!" Na ji ledar ta faɗi, na ji ana riƙe Umma, ɗan sandan kotu yana tsawa a yi shiru. Ban juya ba. Na kafa idona a kan agogon bango.

Alƙali ya ɗauki shafi biyun nan ya kife su a gefe. Ya daɗe yana rubutu.

"An janye takarda. An ƙi beli." Ya jawo rantsuwar ya kai ta kusa da fuska. "Wa ya tsara wannan?"

"Lauyan da ya riƙe shari'ar kafin ni, ya mai shari'a."

Na ji motsi a ƙarshen benci. Alƙali bai ko ɗago ba ya ce, "Zauna inda kake, Lauya. Yau ba za a ɗage ba." Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa, ni ko murmushi ban iya ba.

"Mai rantsuwar ba ta karatu," ya ci gaba, yana bin ƙasan takardar da biro. "Na ga dangwale. Tsohuwa tana iya cewa ba ta san me aka rubuta ba, kuma ina iya yarda. Amma akwai wanda ya sa hannu cewa ya karanta mata, ya fassara mata kalma da kalma. Wannan ya sani. Yana cikin kotun nan?"

Alƙali ya ɗago ya dube ni.

Ina iya cewa sai na duba. Ina iya cewa a ba ni lokaci. Lauyoyi suna da hanyoyi ɗari na kauce wa tambaya, kuma duk na san su, a ofishin Sai-Gobe na koya.

"Yana nan, ya mai shari'a," na ce. Hawaye suna gangaro min har cikin baki. "Yayan wanda ake tuhuma ne. Kuma wajibi ne kotu ta san alaƙata da shi, don ta auna maganata. Shi ne wanda zan aura nan da kwana goma sha ɗaya. Ina roƙon kotu ta dubi halin da..."

"Ya mai shari'a."

Muryar Dogo ce. Benci ya yi ƙara, ya miƙe. Sai a lokacin na juya. Yana tsaye, ya fi kowa tsawo a ɗakin, hannunsa ɗaya a kafaɗar Umma. Ba ni yake kallo ba.

"Ni ne na sa hannu. Na san abin da ke ciki, mahaifiyata ba ta sani ba, a bar ta." Ya gyara tsayuwa. "Amma tunda yau kowa gyara maganarsa yake a gaban kotu, akwai kuskure ɗaya a abin da lauya ta faɗa yanzu. Babu wani aure nan da kwana goma sha ɗaya."

Alƙali ya dube shi. Ya juyo ya dube ni, ya daɗe, kamar yana jira in musa.

"Haka ne, Lauya?"

Na juya na dubi Dogo, har yanzu ba ni yake kallo ba.

Alƙali ya sunkuyar da kai, ya rubuta.